Wayoyi Huɗu, Dami Ɗaya: Tarihin Babban Layi daga Tarhon NITEL zuwa Ɗakin Jarrabawa a Sakkwato

A shekarar 2013 hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta, zuwa 2015 kuwa ta ajiye takarda da fensir gaba ɗaya. Tun daga lokacin, duk ɗalibin da ke neman gurbi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko Jami'ar Jihar Sakkwato, ko wata babbar makaranta a ƙasar nan, dole ya zauna gaban allo a ɗaya daga cikin cibiyoyin da hukumar ta amince da su. Daga cikin sharuɗɗan amincewar akwai cewa cibiya ta mallaki kwamfuta aƙalla 250, kuma a haɗa su da waya, ba ta iska ba.

Kwamfuta 250 ba sa haɗuwa kai tsaye da babbar kwamfutar da ke riƙe da tambayoyi, wadda ma'aikata ke kira saba. Kowace tana aika wayarta zuwa wata na'ura mai kama da faffadan akwati, mai jerin kafofi a gabanta, wato suwic. Suwic mai kafa 48 shi ne babban da aka fi samu a kasuwa, don haka ɗaki irin wannan yana buƙatar kamar guda shida. Daga kowane ɗaya sai a ja waya zuwa suwic na tsakiya, inda saba take. Idan wayar nan guda ɗaya ce, to jarrabawar ɗalibai arba'in da wani abu tana rataye a kanta. Ɓera ya ci ta, ko kanta ya saki, ko wani ya taka ta, allunansu duka su tsaya cik.

Maganin da masu sana'ar suka sani shi ne a ja waya biyu ko huɗu a maimakon ɗaya, sannan a shaida wa na'urorin biyu cewa su ɗauke su tamkar layi guda. Wasu kamfanoni suna kiran wannan aiki port trunking. Saita shi ba ya wuce minti goma a hannun gwani, amma tunanin da ke bayansa ya haura shekara ɗari, kuma tsofaffin Sakkwato sun san shi tun kafin su ga kwamfuta.

## Kalmar da ta biyo hanya

Asalin kalmar trunk a Ingilishi gangar bishiya ce, wadda rassa ke fita daga jikinta. Turawan Ingila suka ari kalmar suka ba babban layin dogo da ƙananan layuka ke shiga cikinsa, daga nan ta koma kan manyan hanyoyin mota. Shi ya sa har yau a Najeriya ake raba hanyoyi gida uku: Trunk A na gwamnatin tarayya, B na jiha, C na ƙaramar hukuma. Hanyar da ke ɗauke da lamba A1 ita ce wadda ta taso daga Legas ta bi Ibadan, Ilori, Jebba, Kwantagora da Yawuri, ta ratsa Sakkwato ta ƙare a Illela, bakin iyakar Nijar.

Sakkwato ta san ma'anar zama a ƙarshen reshe. A ƙarni na sha tara ita ce gangar: daga cikinta wasiƙun Sarkin Musulmi da na Waziri ke fita zuwa Kano, Katsina, Zazzau, Bauci da Adamawa. Bayan Turawa sun ci birnin a watan Maris na 1903, taswirar ta juya ta fuskanci teku. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙaraso Sakkwato ba. Duk wata sabuwar hanya, ta ƙarfe ko ta kwalta ko ta waya, takan faro daga kudu ne, ta iso nan a ƙarshe. Garin da ke irin wannan matsayi ya fi kowa sanin abin da yankewar layi ɗaya ke jawowa.

## Lissafin Erlang da muryar da ke cewa a sake kira

A wayar tarho ne kalmar ta sami ma'anar da ta shafi wannan bayani. An buɗe cibiyar haɗa kira ta farko ta kasuwanci a garin New Haven na Amurka a watan Janairun 1878, da masu layi 21. Dalilin kafa ta lissafi ne mai sauƙi. Idan mutum ɗari kowa zai ja waya zuwa gidan kowa, ana buƙatar waya 4,950. Idan kuwa kowa ya ja tasa zuwa cibiya guda, waya ɗari ta wadatar. Da aka zo haɗa gari da gari sai aka lura cewa mutane ba sa kira a lokaci ɗaya, saboda haka layuka kaɗan tsakanin cibiyoyi biyu za su iya yi wa dubbai aiki, muddin duk wanda ya ɗaga waya za a ba shi wanda ba kowa a kai. Waɗannan layukan tarayya su ne trunk.

Tambayar ita ce, layi nawa ya isa? Wanda ya amsa ta shi ne Agner Krarup Erlang, masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak da ke aiki a kamfanin tarho na Kofanhegan. Ya wallafa aikinsa na farko a 1909, sannan a 1917 ya fitar da ƙa'idar da injiniyoyi ke amfani da ita har gobe. Abin da ƙa'idar ta nuna yana da ban mamaki. A ɗauka ana so kira ɗaya kacal cikin ɗari ya tarar da layi a cike, kuma kowane kira na minti uku ne. Layi biyar za su ɗauki kira kusan 27 a awa. Rukuni biyu masu layi biyar-biyar, kowanne yana zaman kansa, za su ɗauki 54. Amma idan aka haɗe goman wuri ɗaya, za su ɗauki kusan 89. Ba a ƙara ko waya ɗaya ba. Ɗaurin ne kawai ya canza. Hausawa sun riga sun faɗa cewa tsintsiya ɗaya ba ta shara, Erlang ya zo ya auna yawan sharar da ɗaurarriyar za ta yi.

A Najeriya, wayar ƙarƙashin teku ta haɗa Legas da Landan tun 1886, amma amfanin ta ya tsaya ga gwamnatin mulkin mallaka da manyan kamfanoni. A lokacin samun 'yancin kai a 1960, layukan tarho a faɗin ƙasar 18,724 ne. Mai son magana da wani gari yakan nemi ma'aikacin cibiya ya rubuta sunansa, ya zauna jira har a sami layi a kira shi. Hukumar gidan waya da tarho, P&T, ita ke da harkar cikin gida, wani kamfani mai suna NET kuma yana da ta waje, har aka haɗe ɓangaren tarhon biyu aka kafa NITEL a 1985. Da aka samu damar buga lamba kai tsaye, kowane gari ya sami lambarsa: Legas 01, Kaduna 062, Kano 064, Sakkwato 060.

Duk wanda ya yi amfani da tarho a wancan zamani yana tuna muryar da ke katse shi da Turanci tana cewa duk manyan layuka a cike suke, ya sake kira an jima. Ba wayar gidansa ce ta lalace ba, ba kuma ta wanda yake nema ba. Layukan tarayyar da ke tsakanin garuruwan ne suka yi kaɗan. Ɗan kasuwar da ke son jin farashin fata ko albasa a Legas kan shafe rabin yini yana juya lamba. Zuwa 2001, layukan da ke aiki a ƙasa mai mutane fiye da miliyan ɗari ba su wuce kimanin 400,000 ba. Mutanen wancan lokaci ba su karanta Erlang ba, amma sun ɗanɗani sakamakon lissafinsa.

## Daga tarho zuwa kwamfuta

A 1973, a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Kalifoniya, Robert Metcalfe da David Boggs suka ƙirƙiro tsarin haɗa kwamfutoci da ake kira Ethernet. Da farko waya guda ce doguwa da kowace kwamfuta ke jingina da ita, kamar mutane a zaure ɗaya: idan ɗaya yana magana sai saura su yi shiru. Wajen 1990 wani ƙaramin kamfani mai suna Kalpana ya fito da suwic, wanda ke karanta adireshin kowane ƙunshin saƙo ya miƙa shi ga kafar da ta dace kaɗai. Wannan shi ne aikin tsohon ma'aikacin cibiyar tarho, sai dai na'ura ce ke yin sa sau dubbai a daƙiƙa.

Da suwic ya yaɗu, tsohuwar matsala ta dawo da sabuwar riga. A wancan zamani gudun Ethernet yakan yi tsalle ne ninki goma-goma: megabit 10 a daƙiƙa, sai 100 a 1995, sai 1,000, wato gigabit ɗaya, a 1998, sai gigabit 10 a 2002. A lokacin babu matakala a tsakani. Ma'aikatar da layinta na 100 ya cika, alhali buƙatarta 200 ce, dole ta sayi kayan 1,000 da tsadarsu, ko ta haƙura.

Mai hankali zai ce a ƙara waya ta biyu mana. To a nan tarkon yake. Akwai saƙonnin da suwic ke yayata wa kowace kafa, kamar sanarwar sankira. Idan waya biyu suka haɗa suwic biyu, na farko zai tura sanarwar ta waya ɗaya, na biyu ya dawo da ita ta ɗayar, na farko ya sake turawa. Ƙunshin Ethernet ba shi da wa'adin mutuwa, don haka zai yi ta zagaye, sababbi suna ƙaruwa a kansa, har cikin 'yan daƙiƙoƙi komai ya cushe. Radia Perlman, injiniya a kamfanin DEC, ta magance wannan a 1985 da wata dabara da ake kira Spanning Tree, wadda hukumar injiniyoyi ta IEEE ta mayar ƙa'ida a 1990. Dabarar tana gano zagayen ta toshe ɗaya daga cikin wayoyin, ta ajiye ta sai ranar da ta farko ta mutu. An tsira daga cushewa, amma an sayi waya biyu ana cin moriyar ɗaya. A tsarin farko ma, kafin ajiyayyar ta karɓi aiki akan ɗauki daƙiƙa 30 zuwa 50.

Kalpana ne ya sake kawo mafita da wata fasaha mai suna EtherChannel: a ɗaure wayoyin su zama dami ɗaya, ta yadda Spanning Tree zai gan su a matsayin layi guda, ya bar su duka su yi aiki. Cisco ya sayi Kalpana a 1994 ya gaji fasahar. Sauran kamfanoni kowa ya ƙirƙiro tasa, kuma na wannan ba ya jin yaren na wancan. Sai a shekarar 2000 IEEE ta fitar da ƙa'ida ɗaya ga kowa mai lamba 802.3ad, tare da yarjejeniyar gaisuwa tsakanin na'urori da ake kira LACP. A 2008 aka mayar da ƙa'idar ƙarƙashin lamba 802.1AX, inda take har yanzu.

## Yadda ake ɗaure damin

Sharaɗi na farko shi ne daidaito. Kafofin da za a ɗaure su kasance masu gudu ɗaya. Ba a haɗa ta gigabit da ta megabit 100. Saitinsu ya zama iri ɗaya, kuma dukkansu su nufi na'ura guda a ɗaya ɓangaren. Yawancin na'urori suna yarda da waya har takwas masu aiki a dami ɗaya.

Sharaɗi na biyu shi ne yardar ɓangarorin biyu. Ana iya ɗaure dami da hannu, a gaya wa kowane suwic cewa kafa ta 47 da ta 48 abu ɗaya ne, ba tare da ya tambayi ɗan'uwansa ba. Wannan yana aiki, amma makaho ne: idan aka saita gefe ɗaya aka manta ɗayan, ko aka soke waya a kafar da ba ita ba, sakamakon yakan zama zagayen nan mai cushe komai, ko saƙonni su riƙa ɓata a hanya ba a san dalili ba. LACP ya zo ne don hana wannan. Kowace kafa tana aika ɗan gajeren saƙo mai ɗauke da shaidar na'urarta da lambar daminta, ko dai kowace daƙiƙa ko kowace daƙiƙa 30. Kafar ba za ta shiga dami ba sai bayanin ɓangarorin ya dace. Idan saƙo uku a jere ba su iso ba, sai a cire wayar daga damin, saura su raba kayanta.

A LACP kafa tana iya zama mai fara sallama ko mai jiran a yi mata. Idan ɗaya ta fara, ɗayar ta amsa, dami ya ɗauru. Idan duka biyun masu farawa ne, nan ma lafiya. Amma idan duka masu jira ne, za su zauna shiru kamar surukai biyu da suka haɗu a hanya, kowa na jin nauyin ɗan'uwansa, damin kuwa ba zai taɓa ɗauruwa ba. A suwic na Cisco akan zaɓi kafofin a rubuta channel-group 1 mode active. A na HP kuwa layi ɗaya ne, trunk 47-48 trk1 lacp. Ƙwararru sukan kammala saitin a ɓangarorin biyu tukuna kafin su soke waya ta biyu, kuma su adana shi a ma'ajiyar na'urar, domin saitin da ba a adana ba yana tafiya tare da wutar lantarki.

Akwai abin da yakan ba sabon shiga mamaki. Waya huɗu masu gigabit ɗaya-ɗaya ba sa ba kwamfuta guda gudun gigabit huɗu. Suwic ba ya yayyanka zance ɗaya ya watsa shi a wayoyi daban-daban, domin ƙunshin baya zai iya riga na gaba isa, kwamfutar da ke karɓa ta zaci wani ya ɓata ta nemi a sake aikowa, a ƙare da asara maimakon riba. Abin da yake yi shi ne ya ɗauki adireshin mai aikawa ko na mai karɓa ko duka biyun, ya yi ɗan lissafi da su, amsar ta nuna masa wayar da wannan zance zai bi daga farko har ƙarshe. Kamar titi ne mai hannu huɗu: motoci da yawa za su wuce a lokaci guda, amma tirela ɗaya ba za ta rabu huɗu ba.

Wannan yana da muhimmanci a ɗakin jarrabawa. Dukkan kwamfutocin ɗalibai wuri guda suke aika amsoshinsu, wato saba. Idan an bar suwic yana lissafi da adireshin mai karɓa kaɗai, amsar lissafin za ta zama ɗaya ga kowa, kaya duka su tattaru a waya guda, ukun suna zaune. Gyaran shi ne a sa shi ya haɗa da adireshin mai aikawa. Layi ɗaya ne na saiti, amma shi ke raba damin gaske da damin suna.

## Suna ɗaya, ma'ana biyu

Kalmar trunk tana da wata ma'ana ta biyu a wannan sana'a, kuma ta sha haddasa ruɗani. A 1998 IEEE ta fitar da ƙa'idar 802.1Q, wadda ke ba da damar raba suwic guda zuwa gidaje daban-daban da ba sa ganin juna, abin da ake kira VLAN. Makaranta za ta iya sanya ofishin kuɗi a gida ɗaya, ɗalibai a wani, kyamarorin tsaro a na uku. Idan za a ketara daga gini zuwa gini, ba sai an ja waya uku ba: akan liƙa wa kowane ƙunshi ɗan tambari mai bayit huɗu da ke ɗauke da lambar gidansa, daga 1 zuwa 4,094, su bi waya guda, a can a rarrabe su.

A harshen Cisco, wannan waya mai ɗauke da gidaje da yawa ita ce trunk, damin wayoyi kuwa EtherChannel. A harshen HP, damin ne trunk. Huawei yana ce wa damin Eth-Trunk, MikroTik da Linux suna cewa bonding. Ɗaya wayoyi da yawa ne sun zama hanya guda. Ɗayan hanyoyi da yawa ne a cikin waya guda. Ana iya yin su tare, kuma galibi hakan ake yi a layin da ya haɗa manyan gine-gine.

A Najeriya ruɗanin ya fi tsanani, saboda da wuya a sami ma'aikatar da kayanta duka na kamfani ɗaya ne. Wani suwic ya zo da kwangilar bana, wani da tallafin shekaru biyar da suka wuce, wani kuma na hannu ne da aka sayo a kasuwa. Matasa da yawa da littattafan Cisco suka koyi aikin. Idan aka ce wa irin wannan matashi ya yi trunk a kan na'urar HP, yana iya yin abin da ba shi ake nufi ba, alhali kowa a cikinsu yana da gaskiya a yarensa. Kafin a taɓa na'ura, tambayar da ta kamata ita ce: ɗaure wayoyi ake so, ko liƙa tambari?

## Lokacin da cunkoson ya shigo cikin gida

Ƙa'idar LACP ta fito a 2000, amma an daɗe kafin a ji buƙatarta a Sakkwato, kuma akwai dalili. A watan Janairun 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne, Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta, Globacom ya biyo baya a 2003. Wannan ya kashe ƙishirwar kira, amma intanet a garuruwan Arewa ta ci gaba da dogara ga tauraron ɗan'adam. Shagunan intanet da manyan makarantu sukan kafa faifai a saman rufi yana kallon tauraron da ke nisan kilomita kusan 36,000, saƙo yana cin fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo. Gudun da ake saya da tsada a lokacin bai kai ko kusa da abin da waya ɗaya ta cikin gida ke iya ɗauka ba. Wanda randarsa ke cika da ɗigo ba ya damuwa da faɗin moɗa.

Abin ya sauya a matakai. Wayar teku ta SAT-3 ta fara aiki a 2002, MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas a 2010, WACS da ACE a 2012. Kamfanonin waya suka yi ta binne faiba a gefen manyan hanyoyi zuwa Arewa. A 2014 aka ƙaddamar da NgREN, tsarin da ya haɗa jami'o'in tarayya 27 da layi mai ƙarfi. A lokaci guda aikin da ake yi a cikin gida ya ƙaru: rajistar ɗalibai, biyan kuɗin makaranta, jarrabawar kwamfuta, kyamarorin tsaro masu zuba hoto dare da rana, bayanan marasa lafiya a asibitoci. Yawancin wannan kaya ba ya ma fita gari. Tsakanin gini da gini yake yawo. Makaranta irin Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da mazauni a cikin gari da kuma na dindindin a wajen Dundaye, ga asibitin koyarwa a wani wurin daban. Duk ma'aikatar da ta bazu haka, layukan da ke tsakanin gine-ginenta su ne manyan layukanta, kuma tambayar Erlang ta dawo kanta.

Yanayin garin ma yana da nasa hukunci. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, na'urar da ke kulle a ɗakin da ba sanyi tana wahala. Ƙurar hunturu tana shiga kafofi, tana dusashe bakin faiba. Wuta tana ɗaukewa tana dawowa da ƙarfi. A irin wannan wuri amfanin dami na biyu, wato ci gaba da aiki bayan waya ɗaya ta mutu, ya fi na ƙarin gudu daraja.

## Iyakar abin da dami zai iya

Ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin teku huɗu, WACS, ACE, MainOne da SAT-3, suka yanke kusan lokaci guda a gaɓar tekun Kodebuwa. Bankuna da kamfanonin sadarwa a Najeriya da maƙwabtanta suka shiga matsala, har mai POS a Sakkwato, mai nisan ɗaruruwan kilomita daga teku, ya ji a jikinsa. Wayoyin na masu su daban-daban ne, an shimfiɗa su a shekaru daban-daban, kuma kamfanoni da yawa sun sayi layi a kan biyu ko uku daga cikinsu suna ganin sun yi tanadi. Abin da ya haɗa su shi ne wuri: duka sun bi ta yanki ɗaya na ƙasan teku.

Darasin daidai yake a cikin akwatin ƙarfen da ke kusurwar ɗakin jarrabawa. Waya huɗu da suka bi bututu ɗaya, ɓera ɗaya ya ishe su. Faiba biyu da aka binne a rami ɗaya a gefen hanyar Gusau, haƙar katafila ɗaya za ta raba su da aiki. Dami da duk wayoyinsa suka ƙare a suwic guda zai mutu ranar da suwic ɗin ya ƙone. Saboda haka ne kamfanoni suka ƙirƙiro hanyar raba ƙarshen dami a kan na'urori biyu da ke nuna kansu tamkar ɗaya, kuma gyaran da aka yi wa ƙa'idar 802.1AX a 2014 ya shigar da irin wannan tsari. Ko shi ma ba ya amfani idan na'urorin biyu suna shan wuta daga soket ɗaya. A ma'aunin gari kuwa, ma'aikatar da ke sayen layi biyu tana da haƙƙin tambayar kowane kamfani ta ina wayarsa ta bi, ta Gusau da Funtuwa ko ta Jega da Kwantagora. Rasit biyu ba shaida ba ce ta hanya biyu.

Akwai kuma haɗarin da nasarar damin kanta ke haifarwa. A zamanin layi ɗaya, yankewa tana sanar da kanta: aiki ya tsaya, a nemi mai gyara. A dami mai waya huɗu, ta farko za ta mutu ba wanda ya sani. Ta biyu ta bi ta bayan wata uku, a ce intanet ce ke ɗan nauyi. Ana iya shafe shekara ana tafiya a kan waya guda, kowa yana zaton huɗu ne, har ranar da ita ma ta tafi, kuma ba ta zaɓar ranar da ta dace. Na'urar tana rubuta kowace mutuwa a kundinta, tana kashe ɗan fitilar kafar, amma sai an sami mai dubawa.

Abin da ke kare wannan ba ya cikin kwalin da aka sayo. Shi ne a manna wa kowace waya lamba a bakinta biyu, a rubuta saitin a ajiye inda wanda zai gaji aikin zai same shi, a riƙa duba adadin wayoyin da ke raye a kowane dami a kai a kai. Kafin babbar rana kuma, a zare waya ɗaya da gangan a ga ko saura za su ɗauki kayan, a mayar da ita, a zare ta gaba. Ma'aikatu da yawa suna ware kuɗin sayen na'ura, kaɗan ne ke ware albashi da horon wanda zai riƙa yin wannan zagaye bayan ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi.